Darasin da Madam Ta Tsallake

Sai an yi mini afuwa tun daga farko, domin abin ya ɗan jima, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin nan sai wani abu ya sauya wuri. Wani lokaci in ce da damina ne, sai kuma in tuna a Duwala kusan kullum damina ce. Abin da na tabbatar da shi ba shi da yawa, shi zan yi ƙoƙarin riƙewa.

Na gama jami'a da Faransanci, kamar yawancin 'ya'yan unguwarmu ta New Bell. Hausa a gida, Faransanci a aji, Broka, wato gurɓataccen Ingilishin titi, a kasuwa. Ingilishina kuwa na takarda ne, idan na buɗe baki sai ya gudu. Ana nan sai aka sanar da konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, ta masu fassara a wani ofis, kuma akwai gwajin baki da Ingilishi.

A daidai lokacin ne Baba ya ba wata mata hayar ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Malamar makaranta ce daga yankin masu Ingilishi, ta gudo wa rikicin can tare da tsohuwarta. Madam muke ce mata, tsohuwar kuma Mami. Kafin su zo wajenmu sun zauna a unguwar Ndokoti, inda duk tayar da ta fashe sai Mami ta shige ƙarƙashin gado. Sun koma Logbaba, suka faɗa kusa da inda ake sauke ƙarafa. Gidanmu kuwa yana can ƙuryar lungu, ko bensikin, babur ɗin haya, ba ya iya shigowa. Na ji Madam da kunnena tana gaya wa Baba cewa ba ta neman komai a garin nan sai inda uwarta za ta iya barci.

Kuma ta samu. Sannu a hankali Mami ta fara fitowa tsakar gida na waje, ta zauna a kujera 'yar tsuguno tana gyaran ganye kusa da Gwaggo, ƙanwar Baba. Da Broka suke hira, idan za a kira wannan hira.

"Ƙawata, yau ma ganyen nan mai ɗaci?" in ji Gwaggo. "Ku dai duniya ba ta ishe ku ɗaci ba, sai kun ƙara a tukunya."

"Ke fa? Kuka, kuka, kullum kuka. Miyarku kamar ruwan kwata."

"Ruwan kwatar da kika lashe kwanonsa jiya?"

Mami ta yi dariya har tana riƙe ciki. Madam da ke shanya ta tsaya tana kallonta, kamar ta ga abin da ta fid da ran sake gani.

Ita ta yi mini tayin darasi da yamma. Hanyarta ɗaya ce: ba ta yarda a koyi kalma ita kaɗai. "Kalmar Ingilishi kamar 'yan matan unguwarku take," ta ce, "ba ta fita sai da abokiyar tafiya." Idan na kawo kalma ba abokiya sai ta buga tebur. A wajenta na san cewa ruwan sama a Ingilishi mai nauyi ne, ba mai ƙarfi ba, kuma mutum ne yake kama mura, ba mura ke kama shi ba. Gwaggo ta ji wannan daga inda take ta ce, "Wane wawa ne zai bar aikinsa ya tafi kamun mura?"

Mun yi kalmomin kasuwa, na asibiti, na tashar jiragen ruwa, na kotu. Da muka iso babin labaran yaƙi da tarzoma, sai Madam ta haɗa shafukan ta juya su gaba ɗaya.

"Wannan ba zai fito ba."

"Madam, idan kuma ya fito fa?"

"Ba zai fito ba, 'yata. Mu je kan noma."

Na gane dalilinta, ko dai ina tsammanin na gane. Amma ni mutum ce da ba ta iya barin shafi a baya. Na yanke shawarar in koye shi ni kaɗai, a tsakar gida na ciki, wajen famfo, inda bango ya raba mu da su.

A nan sai na yi bayanin yadda ake karatu a gidanmu. Ba wanda yake koyon abu a zuci. Yadda muka tashi a makarantar allo, haka muka yi da komai, har lissafi da Faransanci: a ɗaga murya, a sa masa kari, ana rangaji, har ya zauna. Ma'ana daga baya take zuwa. Kuma ƙarami yakan haddace karatun babba tun kafin ya kai wurin, ba mai tambayarsa ko ya san abin da yake faɗa, sai ma a sa masa albarka. Ni na san ma'anar abin da nake rerawa ina wanki, sani irin na ƙamus. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne yaran gidan, na yayyena da na 'yan haya, da ke wasa a gefena.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya ɗauke ke nan, ina dawowa daga Kasuwar Kongo inda Gwaggo ta aike ni sayen zare. Tun daga lungu na jiyo tafi, da wani yana dukan garwa. Har na yi murmushi, domin lafazin ya fi nawa kyau. Sai kalmomin suka iso kunnena ɗaya bayan ɗaya. Open fire. Set fire. Take cover. Lie down. A buɗe wuta, a cinna wuta, a nemi maɓoya, a kwanta ƙasa. Da karin karatuna, ba abin da suka canza.

Na shiga na same su a tsakar gida na waje, sun yi da'ira. Idan aka zo kalmar ƙarshe sai a doki garwa, su zube ƙasa gaba ɗaya suna ƙyalƙyala dariya. Gwaggo na gefe tana taya su tafi.

"Ɗiyata, zo ki ji!" ta ce. "Yaran nan sun riga ki cin konkur."

Kujerar Mami na kife. Ganyen ya watse a cikin ruwa, ga silifa ƙafa ɗaya.

"Gwaggo, ina Mami?"

"Yanzun nan ta zabura. Ina jin ciki ne, na gaya mata ganyen nan..."

Na fassara mata waƙar da Hausa. Hannuwanta suka tsaya a buɗe, yadda ta ɗaga su za ta tafa.

Mami ba ta ɗaki, ba ta bayi. Muka bazu cikin unguwa, har da mazan da ke zaune a bakin masallaci. A Kasuwar Kongo aka same ta, tsohuwar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ta tsallaka titi da ƙafa ɗaya ba takalmi. Tana ƙarƙashin teburin wani mai atamfa, ta kifa fuska a ƙasa, hannuwa biyu a ƙeya. Mai teburin, ɗan unguwarmu ne, ya ce ya yi mata Hausa, ya yi Faransanci, ya yi Broka, ko motsi. Gwaggo ta kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan da zaninta, ta kai bakinta kunnen Mami.

"Ƙawata, ni ce. Mai miyar ruwan kwata ce. Tashi mu je gida."

Ba ta tashi ba sai da aka ɗauko Madam daga makaranta a kan bensikin.

Da yamma Madam ta yi mini tambaya ɗaya, wa ya koya wa yaran. Na gaya mata yadda aka yi. Na so ta zage ni. Sai ta dube ni ta ce, cikin muryar da take duba aikina da ita, "Kin haɗa kalmomin daidai. Haka suke tafiya tare."

Baba ya tara yaran ya hana waƙar, Gwaggo na tsaye da muciya a hannu. A gidanmu waƙar ta mutu a ranar. Amma ashe ta riga ta fita. Washegari muka ji ta a gidan maƙwabta, daga nan sai wajen famfon layi, sai lungun baya. Gwaggo ta bi gida gida. Wasu iyayen suka ce mata ai ilimi ne, Ingilishi ne kyauta. Da aka fassara musu suka yi salati suka hana, hanin kuma ya ƙara mata daɗi a bakin yara.

Mami ba ta sake fitowa ba. Suka toshe taga da zani, a cikin zafin Duwala. Baba ya ce su dawo ɗakin ciki, shi zai koma nasu. Madam ta yi godiya, ta ce, "Alhaji, na gwada tsayawa a can. Ana jin ta." Ba a jima ba tasi ya tsaya a bakin lungu. Gwaggo ta ƙulla garin kuka a leda ta cusa a jakar Mami, ba wadda ta tsokani wata.

Na zauna konkur ɗin. Babin bai fito ba, noma ne ya fito. Ban ga amfanin faɗin sakamakon a nan ba.

Mutane da yawa sun ga abin nan, kuma ba mu cika yin daidai a kansa ba. Gwaggo ta ce ba garwa aka doka ba, murfin tukunya ne. Yayata ta ce ita ta fara hango ƙafar Mami a ƙarƙashin teburin, ni kuma ina ganin mai atamfar ne ya kira mu. Duk wanda yake wurin, ya ga na kauce, don Allah ya gyara mini, ba zan ji haushi ba. Idan kuma akwai wanda ya san inda tasin nan ya sauke su, ina so in ji ko Mami ta samu barci a can.