Ranar da Na Goyo Baffa a Keke

Har yau idan na ga mutum ya hau keke don nishaɗi, sai in tsaya ina kallonsa da mamaki. Ni na yi shekaru a kan sirdi, kuma ban tuna ranar da na sauka bayana bai yi ciwo ba.

Na sayi keken ne bayan ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinmu. An kwashe mu a manyan motoci, aka zube mu a sabon matsuguni kudu da Bebeji, gidaje a jere, babu inuwar kirki ko ɗaya. Gonakin da aka ba mu ba su kai na baya ba, sai yawancinmu suka koma kamun kifi, mutanen da kakanninsu ba su taɓa riƙe ƙugiya ba. Ni ruwa tsoro yake ba ni, don haka na zama mai kai kifi kasuwa. Da sassafe in je bakin dam, in ɗaure kwando a kariyar bayan keke, in lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, in kama hanya. Yau Bebeji, gobe Kiru, wani lokaci har Ɗansoshiya. Rana tana ɗagawa kifi zai fara sauya wari, ga yashi, ga ƙaya, ga dattawa a ƙofar kowane gari. Ba a wuce manya a kan keke. Dole ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, a tambaye ka gida da iyali da gajiya, kai kuwa hankalinka yana kan kwandon da ƙudaje suka fara kewayawa.

Sauran masu keke a garinmu suna da wata al'ada ran Juma'a. Idan an sauko daga masallaci sai su wanke kekunansu, su naɗe su da roba ja da kore, su jeru su tafi Kiru shan rake suna kaɗa ƙararrawa. Na bi su sau biyu ko uku, daga baya na ce su ƙyale ni. Ƙafar da ta yi kwana shida tana taka feda ba ta san wani abu wai shi yawo ba. Suka riƙa tsokanata wai na tsufa tun ban yi furfura ba, ni kuwa sai in ja tabarmata in kwanta.

Da bazarar wata shekara ciwon Baba, mahaifina, ya tsananta. Wata safiya bayan sallar asuba ya sa aka kira ni. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Je ka ɗauko mini Yaya," ya ce. "Ina so in gan shi."

Baffa ke nan, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin tashin garinmu shi ya bi surukansa can wajen Tudun Wada, kuma tun ranar da motoci suka raba su ba su sake haɗuwa ba. Inna, mahaifiyata, ta biyo ni har zaure.

"Kada ka tsaya ko'ina," ta ce. "Kai ma ka ji yadda numfashinsa yake."

Na bi babbar hanya, wadda ta zagaye ruwan gaba ɗaya, na isa da hantsi. Baffa bai yi gardama ba, ya sa hularsa, ya ɗauki sandarsa. Dogo ne siriri, bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa. Na ninka masa buhu a kan kariya, ya zauna ƙafafunsa suna jan ƙasa, ya damƙe rigata ta baya har wuyanta yana shaƙe ni. Duk inda na karkata hagu shi sai ya karkata dama. Duk da haka na lissafa a raina cewa in Allah ya yarda za mu isa kafin azahar ta wuce.

Mun ɗan yi tafiya sai muka zo wata mararraba, inda wata siririyar hanya ta ratse arewa ta gindin tsamiya. Baffa ya buga mini baya.

"Ina za ka? Bi nan."

"Baffa, wannan ai tsohuwar hanyar garinmu ce. Ruwa ya cinye ta."

"Garin ruwa ya ci, ban da hanya. Ta kan tudu take bi. Ko shekarar da kogi ya shiga kasuwa bai taɓa tudun nan ba. In muka bi ta, rabin tafiyar za mu yi."

"Baffa, ruwan yanzu ba irin wancan ba ne."

"Ni za ka koya wa hanya? Na bi ta da jaki tun ubanka bai yi aure ba."

Shi bai taɓa ganin dam ɗin da idonsa ba. An ɗauke shi a mota tun ƙasa tana bushe, labarin ruwan kawai yake ji. Ni kuwa kullum ina bakinsa, na san girmansa. To amma yaya zan yi da yayan ubana a tsakiyar hanya? Na faɗa sau biyu, na uku ya zama rashin kunya. Kuma gaskiyar da ban cika son faɗa ba ita ce na gaji. Cinyoyina suna rawa, rana ta fara dukan ƙeyata, sai zuciyata ta ce ai bazara ce, ruwa ya ja baya, wataƙila tsohon yana da gaskiya. Ina so ya yi gaskiya. Na karya kan keke muka shiga.

Da farko hanyar ta yi kyau. Baffa har ya saki rigata, yana nuna mini gonar wane da rijiyar wane, yana kiran sunayen mutanen da wasunsu sun daɗe a ƙasa. Sannan ciyawa ta fara rufe hanyar, babu sawun mutum, sai na shanu. Muka hau tudun da yake faɗa, muka gangara, sai ga ruwa. Hanyar ta miƙe kai tsaye ta shige cikinsa, da kwarin da amalanke ya bari a gefe da gefe, kamar ba abin da ya faru. Iyakar ganinka ruwa ne, sai kawunan busassun kukoki nan da can.

Baffa ya sauka, ya dogara sandarsa ya je har bakin ruwan.

"Waccan kukar kasuwa ce," ya ce. "Gidanmu yana bayanta."

Raina ya ɓaci har idona yana zafi, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina fiye da nasa. Ubana yana can yana jan numfashi, mu kuma ga mu muna kallon kuka. Na juya keken na ce, "Baffa, mu tafi." Ya zo ya hau.

Komawar ta fi zuwan wahala. A hawan tudu da cikin yashi sai in sauka in tura shi yana zaune, don ƙafarsa ba za ta iya ba. Muka yi azahar a gindin tsamiyar nan ta mararraba, inda da mun bi babbar hanya da tuni muna gida. Daga nan na taka feda iya ƙarfina. Muka zo wani gari, dattawa suna zaune a ƙofar masallaci, na fara kama birki kamar yadda na saba, sai na ji Baffa ya ce, "Wuce." Muka wuce su a guje, da sallama daga nesa. A nan na gane shi ma ya tsorata.

La'asar ta yi sakaliya muka shiga gari. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza suna zaune. Baba ya cika da azahar. Sun jira mu gwargwadon yadda za su iya, amma ana zafi, liman ya ce a kai shi. Da na tsaya Baffa ya kasa sauka, ƙafafunsa sun sage, sai da mutum biyu suka kama shi.

Muka shiga cikin gida wajen Inna, ni a gaba, shi a bayana. Tana zaune a ƙofar ɗaki, mata sun kewaye ta. Ba ta yi kuka ba, ta dai ɗago ta dube ni.

"Yana ta tambaya ko kun iso, har ladan ya kira salla," ta ce. "Ina ka tsaya?"

Ba zan iya tona yayan ubana a gaban matar ƙanensa da maƙwabta ba, ranar da aka binne ƙanen.

"Taya ce ta yi faci, Inna," na ce. "Har sau biyu."

"Yau ma ba ka duba tayarka ba?"

Na sunkuyar da kai. Baffa yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Na jira ya yi magana. Ya gyara murya, ya ce Allah ya jiƙan ƙanensa, Allah ya ba mu haƙuri, ya juya ya koma wajen maza.

Na daɗe ina jin zafinsa kafin in yafe masa, kuma bai taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya. Inna ma ba ta sake yi mini maganar ba. Ta rasu da sanin cewa ɗanta ya fita da lalatacciyar taya ranar da ubansa yake jiransa, ni kuma na bar ta a haka.