Zaren da Baba Masaƙi Ya Bari a Tsinke

Idan kana son magana da Baba Masaƙi, sai ka zagayo gabansa ya ga bakinka. Wanda ya tsaya a bayansa ko zai kwana yana kira, wahalar banza yake yi. Ƙarar injinan saƙa ce ta cinye masa kunnuwa tun yana da sauran ƙarfi, ta bar masa idanu masu karanta leɓe. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, takan ce kurumtar tasa ta zaɓe ce: ba ya jin cefane, amma ko a ɗaki aka buɗe tukunya sai ya waiwayo. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce hanci ai bai yi aiki a masaƙa ba.

Ya shiga masaƙa yana saurayi, ya fito da furfura. A ɗakin saƙa ba a hira, don ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba, sai dai ido da hannu. Shi na safe ne. Wanda ke karɓarsa da yamma wani siririn mutum ne da ake kira Bahago, saboda da hagu yake komai. Shekaru masu yawa suna riƙe da injina ɗaya, amma haɗuwarsu ba ta wuce ta lokacin canjin aiki. Kullum abu ɗaya ne: Bahago zai zo ya shafa tafin hannunsa a kan zaren da ke shimfiɗe a injin, in ya ji komai lafiya sai ya dafa kafaɗar Baba Masaƙi, ma'ana na karɓa, je ka huta. Ƙa'idar masu saƙa ce, ba a rubuta ta a ko'ina ba, cewa ba ka barin wa mai karɓarka zare a tsinke. Ko jiniya ta busa, sai ka ƙulla kafin ka ɗaga ƙafa. Baba Masaƙi bai taɓa karya wannan ƙa'ida ba, kuma da ita yake tinƙaho.

Ranar da aka rufe masaƙa ba wanda ya san ranar rufewa ce. Da hantsi zare ya tsinke a injinsa na ƙarshen layi. Ya kamo bakin zaren ke nan sai wuta ta ɗauke, ɗakin ya yi tsit, irin shirun da bai taɓa ji a wurin ba. Shugaban sashe ya shigo yana kora, wai kowa ya ɗauki kayansa ya fita, gyara za a yi, za a neme su. Baba Masaƙi ya nuna masa zaren, mutumin ya ture masa hannu ya nuna ƙofa. Sai ya saki, da niyyar yanzu zai dawo. Washegari ya tarar da sarƙa da kwaɗo a bakin ƙofa, kuma neman da aka ce za a yi musu har yau ba a yi ba.

Wahalar da ta biyo baya kowa ya sha tasa. Ya yi gadi, ya yi dako, ya sayar da kekensa. Duk wannan ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne zaren. Sau biyu yana hango Bahago a kasuwa yana sauya hanya don kunya. Gwaggo ta yi faɗa har ta gaji.

"Malam, masu masaƙar sun watsar da mutane kamar shara ba su ji kunya ba, sai kai za ka ji kunyar silin zare?"

"Su ai ba masu saƙa ba ne," in ji shi.

Daga baya Bahago ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, sai labarin rasuwarsa aka ji. Ranar Baba Masaƙi bai ci abinci ba. Baƙin cikinsa shi ne ya bar mutumin ya tafi ba su yi sallama ba, ga kuma aikin da ya bar masa a lalace.

Bana aka ji cewa an sayar da injinan ga masu sayen tsohon ƙarfe, har sun fara yankawa. Sai tsoho ya tsiri wani abu. Ya roƙi Gwaggo zaren ɗinki, ya zauna a ƙofar ɗaki yana koyon ƙullin da a da yake yi ido rufe. Yatsun sun sandare, zaren sai zamewa yake yi. Gwaggo ta yi tsaki, ta yi mita, amma ranar da ya ce zai tafi masaƙar ita ta riga shi ɗaukar mayafi, wai kada mota ta yi masa oda ta baya ya sa ta takaba a banza.

Maigadin da suka tarar tsohon ma'aikacin wurin ne, ya gane shi nan take. Ya buɗe musu ƙaramar ƙofa, ya matso da bakinsa saitin idon Baba Masaƙi.

"Yallaɓai, ku bi a hankali, ƙasan ya rufta a wasu wuraren. Masu yanka sun gama da layin gaba, amma ba su kai naku ba."

Ciyawa ta cinye filin da a da ma'aikata ke ajiye kekuna. A cikin ɗakin saƙa rufin kwano ya yaye a tsakiya, rana na zubowa kan injinan da tsatsa ta mai da su ja. Tantabaru sun yi gida a kan bututun iska, kashinsu ya yi fari a ƙasa. Tsohuwar auduga ta manne a jikin ƙarafa, ta yi baƙi da maiƙo. Inda aka tumɓuke injina sai ramuka da kusoshi a tsaye. Gwaggo, wadda ba ta taɓa shigowa ba duk tsawon aurensu, ta kama baki. Nan ne mijinta ya bar kunnuwansa, ga shi wurin ko ƙarar allura babu.

Shi bai tsaya kallo ba. Ƙafafunsa sun san hanya. Injinsa na can kusurwa inda rufin ba ya yoyo, da guntun yadin da bai ƙarasa ba naɗe a gabansa, ƙura ta rufe shi. Ya ciro zaren ɗinki daga aljihu ya riƙe a baki, ya hure ƙurar, ya fara bin zaren ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, a hankali don duk sun tsufa. Ya kai wurin da ya sani, bai ga tsinkakke ba. Ya koma baya ya sake bi. Sai yatsansa ya ci karo da ɗan ƙulli, ƙarami, a matse, jelarsa ta kwanta ta hagu. Duk ɗakin nan mutum ɗaya ne ƙullinsa ke kwanciya haka.

Ya ɗago ya dubi Maigadi.

"Wa ya shigo nan bayanmu?"

Maigadi ya ɗan yi tunani. "Ai ranar an bar na yamma sun shiga ɗaukar kayansu. Kowa ya fito da sauri, sai wannan siririn mai hagu. Har sai da na bi shi ciki. Na same shi a nan cikin duhu, na ce masa an rufe fa, ba sauran aiki. Ya ce in ba shi minti ɗaya, na safe ya tafi da uzuri."

Baba Masaƙi ya zare zaren daga bakinsa ya mayar aljihu. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan zaren injin ya shafa tun daga wannan gefe har wancan, sai hawaye suka zubo masa, bai kuma ɓoye ba. Gwaggo ba ta san ma'anar dafa kafaɗa a ɗakin saƙa ba, tausayinsa kawai ta ji, ta matso ta dafa masa kafaɗa.

Ya juyo ya dube ta ya daɗe.

"Ya karɓa," in ji shi. "Zo mu je gida."