Wata bakwai ina miƙe bayan Baba

Shekarun baya na sha wuya, irin wadda har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina. Wata bakwai na yi ina ƙoƙarin miƙe bayan mahaifina, kuma bai miƙe ba.

Tun zamanin aikin dole bayansa ya lalace, lokacin da Nasara suka sa ana ɗaukar dutse a ka don gyaran hanyar Maraɗi. Ya dawo Madarumfa da ciwo. Kowace shekara yana ƙara rankwafawa, har ta kai in zai ga fuskarka sai ya karkato kai gefe. Bai taɓa kuka da doron ba.

Wata rana bayan girbi muna ɓarar gujiya a tsakar gida, sai ya ce, "Kai, matso. Ina saurayi wani tsoho mai doro ya rasu a wani ƙauye wajen Gabi. Ina bayan zana ana yi mashi wanka. Da kunnena na ji ƙas. Gwiwa suka sa suka danne shi don ya miƙe cikin likkafani. In na mutu, kada ka bari a karya ni."

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

Ya ce, "Ka dai ji ta."

Mai hankali wurin malam zai tafi ya tambaya. To ni ta yaya zan buɗe baki in tambayi wankan gawar ubana alhali yana zaune yana shan fura? Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa gonarsa nake hange. Sai na yanke shawara da wannan busasshen kan nawa: in na miƙe shi da ransa, babu mai danne shi in ya mutu.

Na ɗora shi kan jaki muka tafi Maraɗi wurin lokotoro, wato likita. Ya shafa bayan, ya yi magana, tafinta ya ce mana ƙashin ya riga ya haɗe, ba abin yanka ba ne. Ya ce ya riƙa kwanciya kan abu mai tauri, ya riƙa saƙala sanda a bayansa yana buɗe ƙirji, kaɗan kaɗan kowace rana. Ciwo zai ragu, numfashi zai yi sauƙi, amma miƙewa babu. Na ɗauki maganar sanda da kwanciya, na bar "kaɗan kaɗan" a can.

Na cire ƙyauren ɗakina ya zama gadonsa. Matata ta riƙa narka man kaɗe ina murza masa. Wani maɗori ya ce in ɗebo rairayin bakin tabki, in gasa a kasko, in zuba a buhu in aza masa a doron. Na yi. Na ƙara da tawa dabarar, na ɗaura igiya a reshen tsamiyar gidanmu, ya kama da hannu biyu, ni kuma in rungumi ƙugunsa in ja ƙasa.

Matata ta ce, "Maigida, tsohon nan fa ba itace ba ne."

Shi kuwa, gumi na zuba, sai ya ce, "Ƙyale shi, ɗiyata. Ja, kai rago, jakinka ma ya fi ka ƙarfi."

Kowace Juma'a in tsayar da shi jikin bango in ja layi da gawayi daidai kansa. Cikin wata biyar layin ya hau yatsa uku. Har a bakin masallaci na yi ta baza labari, sai ka ce ni ne lokotoron. Matata ce ta ja ni gefe ta ce, "In ka je awo gobe, dubi ƙafarsa." Na duba. Ashe ɗage yake yi a kan yatsunsa, ƙafafun na rawa, don kada in karaya.

Da na gani ban daina ba. Ƙara ja na yi. Wannan ne abin da ban yafe wa kaina ba.

Wata safiya hannunsa ya suɓuce daga igiyar, muka zube tare. Ƙugunsa ya bugu da saiwar tsamiya. Bai yi ihu ba. Ya kwanta nan cikin ƙasa, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Bai miƙe ba, ko?"

Ko takalmi ban sa ba na nufi gidan malamin unguwarmu, wanda ke wankan mamatanmu. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta malam, a ce da ni abin da za a ce." Na zayyana masa komai.

Ya ce, "Wa ya ce maku dole sai gawa ta miƙe? Waɗancan jahilci suka yi. Addini ya hana a karya ƙashin mamaci. Kowa a gefen dama ake kwantar da shi. Mai doro sai a faɗaɗa masa wurin, shi ke nan. Tun yaushe kuke wannan aiki?"

Na ce, "Wata bakwai."

Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

Na koma gida na gaya wa Baba. Sai ya ce, "Da bakinsa ya faɗa?" Na ce da bakinsa. Ya sauke numfashi ya ce, "To kwance igiyar nan, akuya na bukata."

Bai sake taka ƙafarsa zuwa masallaci ba. Ƙugun ya kwantar da shi, ruwan shuka na sauka ya cika. Ni na zuba ruwa malam na wanka, babu wanda ya danna ko'ina. A maƙabarta na shiga ramin da kaina na sare gefensa har ya ɗauke shi yadda yake. Ya kwanta kamar mai barcin rana.

Mutane sun yi ta cewa na yi wa ubana hidima, ni kuwa na san abin da na yi. Kunyar tambaya ɗaya ta cinye masa watannin da suka rage yana iya tafiya da ƙafarsa. Yanzu furfura ta cika mini kai, in na ga tsoho ya rankwafa ba na ce masa ya miƙe. Durƙusawa nake yi mu gaisa.

Washegarin jana'iza, masu gaisuwa ba su fara taruwa ba, na ɗauki ƙwaryar irin geron da ya zaɓa da hannunsa, na tafi gonarsa na shuka, kafin ƙasar ta bushe.