Motar Sannu-Sannu a Hannun Kafinta

"…na ce a sauke zanin nan daga kan motar nan, ba igiyar shanya ba ce!"

Muryar Kafinta ce, tun daga ƙofar shagonsa har ƙarshen tsakar gida, inda Gwaggo ta baza wankinta a kan gilashin baya. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya, kowa da murhunsa a bakin ƙofa. Tun ranar da ƙaninsa ya tafi asibiti ya bar masa makulli, Kafinta ya zama mai gadin mota. Gwaggo ta janye zaninta tana mita, wai mutumin da ko keke sai an riƙe masa, yau shi ne sarkin direbobi.

Ba ta yi ƙarya ba, Kafinta bai taɓa tuƙi ba. Su biyu ne maza a wurin Baba, tsohon direban babbar mota. In ya dawo daga tafiya sai ya ɗora su a cinya gaban sitiyari, yana warin mai da rana. Babban ya yi ta leƙen katakon bodi yana tambayar wa ya buga ƙusoshin. Ƙaramin kuwa ya damƙe sitiyari, sai an ɓamɓare yatsunsa yana kuka. Da Baba ya rasu, babban yana aji shida, ya ajiye littafi ya kama zarto. Ƙaramin ya bi tasha, har Allah ya ba shi lasisi, daga baya ya ba shi tasa motar, ’yar shuɗiya, wadda ƙofarta ta baya sai daga waje take buɗuwa.

A tasha Sannu-Sannu ake ce masa. Ba ya wuce mota a kwana, akuya ma sai ta gama shawara ta tsallaka. Masu sauri su yi ta tsaki, wani ya ce da ƙafa ya tafi da ya riga shi. Amma tsofaffi da masu juna biyu sai su ƙi shiga motar da ke layi, su zauna a benci su jira tasa. Shekara ashirin da biyu, ko kaza bai taɓa takawa ba.

Sai ido ya fara yi masa hazo. Bai gaya wa kowa ba, har ranar da wata tsohuwa da yake ɗauka kullum ta tsaya bakin titi tana ɗaga masa hannu, ya wuce ta bai gan ta ba. Fasinja ne ya faɗa masa. Ya sauke mutanensa lafiya, ya juyo gida da rana tsaka, ya ajiye motar a gindin bishiya. Likita ya ce yana ce a ido biyun, za a yi aiki ɗaya bayan ɗaya, sati shida a babban asibiti can wani gari. Ko zai koma tuƙi kuwa, sai an cire yanar an ga lafiyar jijiyar da ke ciki.

Ranar tafiya, matarsa na jira da jaka, ya zagaya motar da yayansa yana nuna masa. Kada a ja birkin hannu, zai manne, a sa katako a bayan taya. Kada a bar ko ɓurɓushin abinci a ciki saboda ɓera. A riƙa tashin ta sau ɗaya a sati, a bar ta ta daɗe tana aiki. Sai ya rage murya.

"In likita ya ce a’a, ka ba Bakanike makulli ya nemi mai saye. Kada in dawo in tarar da ita, Yaya."

Kafinta ya ce masa ya daina zancen banza, ya wuce mota na jira.

Katakon taya kam an yi shi kamar na ɗakin amarya, guda huɗu, an goge har da fenti. Maganar tashin mota ce Kafinta ya yi wa gyara. Shi a sana’arsa, ƙofar da ba a buɗe ta kullum ita ke cijewa. In sau ɗaya a sati na da kyau, ai kullum ya fi. Don haka kowace safiya sai ya shiga, ya murɗa makulli, ya ƙirga goma, ya kashe don kada ya ƙona wa yaro fetur. Daga nan ya ɗan zauna. Kujerar ta lotsa daidai jikin ƙaninsa, ga carbinsa a madubi, ga wannan warin na mai da rana. Wani lokaci sai an zo neman kujera ko taga sannan ya tuna yana da shago.

A sati na huɗu ya murɗa makulli, motar ta ce ƙas, ta yi shiru. Ya sake, ko ƙas ɗin ma babu. A satin nan ne kuma matar ƙanin ta bugo ta ce ido na biyu ya kumbura, an ɗaga ranar dubawa. Kafinta ya haɗa wannan da wancan, ya ga kamar alama ce. Kwana biyu bai gaya wa kowa ba, abinci ma sai ya juya cokali ya ture. Gwaggo ta tambaya ko sarkin direbobi ya yi murabus ne, ba a jin inji. 

Rana ta uku ya tafi garejin Bakanike. Yana ganinsa da makulli a hannu, Bakanike ya goge hannu a wando ya ce Allah sarki, ashe abin bai yiwu ba, amma akwai wani mai shagon taya da ya daɗe yana son motar. Kafinta ya ce in ya ƙara ambaton mai saye, to ya nemi wanda zai riƙa gyara masa benci. Sannan ya faɗi abin da ya faru.

Bakanike ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce duk tashi ɗaya batir take ci, kuma sai inji ya daɗe yana juyawa yake mayar mata da abin da ya ɗiba. "Kai kullum kana ɗiban ruwa a randa, ba ka taɓa zubawa ba. Lafiyarta ƙalau, gaisuwarka ce ta yi mata yawa."

Aka cire batir aka kai caji. Washegari Bakanike ya zagaya da motar unguwa, Kafinta na gefe ya riƙe ƙofa, yana ta cewa a rage gudu, mai ita ba haka yake yi mata ba.

Sati biyun da suka rage sun fi duk sauran tsawo. Kwana shida a sati ba ya taɓa makulli, sai dai ya goge ƙura, ya leƙa ƙarƙashi ko ɓera ya yi gida, ya koma shago ya yi ta goge katakon da ya riga ya yi santsi.

Ranar Talata da hantsi, yana da ƙusa uku a baki, waya ta yi ƙara. Ba matar ba ce, ƙaninsa ne da kansa.

"Yaya, kana kusa da ita?"

Kafinta ya tofar da ƙusoshin. Ya ce yana kusa. 

"Sun sa ni karanta allon nan nasu. Na karanta har layin ƙasa, ƙananan nan kamar tururuwa. Likita ya sa hannu. Tashe ta in ji."

Kafinta ya ratsa tsakar gida ba takalmi, ya ture bokitin wani bai ko waiwaya ba. Sai a karo na biyu makulli ya shiga. Ta tashi bugu ɗaya. Ya miƙa wayar ta taga wajen inji, matan gida duk sun bar girki sun zagaye shi. Da ya mayar da ita kunne, sai ya ji ƙaninsa na dariya, irin wadda rabon da ya ji ta tun kafin hazon.

"Muryarta ta sauya. Wa ya taka min totur haka? Bakanike ne ko?"

"Shi ne. Na hana shi bai ji ba."

"Bar shi, zan zo in same shi. Jibi muna hanya. Ka ce wa Gwaggo ta shirya, ita zan fara kaiwa kasuwa."