Kujerar Gaba a Motar Baba Seidu

Ban manta da wannan safiya ba, ba na kuma tsammanin zan manta. Talata ce, mako biyu bayan Babbar Salla, ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba, a tasharmu ta Maamobi. Mu uku abin ya shafa: ni, da Baba Seidu direba, da Hajiya Adiza mai sayar da goro a kasuwar Madina. Na rubuta labarin ne domin ku da kuka karɓi aikin tasha daga hannunmu, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, har da inda na yi kuskure.

A lokacin ni ne sakataren reshen ƙungiyar direbobi, wato na biyu bayan ciyaman. Ban taɓa riƙe sitiyari ba. An ba ni aikin ne saboda na yi makarantar mishan, inda Fada, limamin cocin, kan tsaya a bakin ƙofa da agogo a hannu, wanda ya makara da minti ɗaya ya durƙusa a kan tsakuwa. Daga can na fito da imanin cewa doka ba ta da ɗan uwa, daga can kuma sunan Masta ya bi ni.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, trotro, wato ƙaramar motar haya, ba ta lodi sai layinta ya zo, kuma sunayen direbobi suna kan allo bi da bi. Kowace mota sai ta cika take tashi, ban da motar farko ta Madina da Adenta, wadda ke tashi ƙarfe biyar da rabi ko ta cika ko ba ta cika ba, ta riƙa ɗaukar mutane a hanya. Masu jira a bakin titi ba sa kira da baki. Da hannu suke nuna inda za su, kowace hanya da alamarta, direba ya gani ya tsaya. Kujera kuwa ta wanda ya riga zuwa ce. Direban da aka tabbatar da ƙara uku a kansa cikin shekara guda, ana goge sunansa daga allo, ya bar tashar.

Baba Seidu ne ke jan motar farko tun kafin in zama sakatare, kuma ƙara biyu na kansa. Ta farko, ya wuce masu ɗaga masa hannu alhali da wuri a motar. Ta biyu, ya zarce da wata mata nesa da inda ta ce a sauke ta. Sai ga ta uku daga wani akawu: kullum kujerar da ke kusa da direba a ajiye take wa Hajiya Adiza, ko wa ya riga ta zuwa. Ciyaman ya ce mini, "Masta, kujera ce fa kawai. Ka yi masa magana a gefe." Na ce ƙara ƙara ce, zan je in gani da idona. Idan ta tabbata, shekarun Baba Seidu a tasharmu sun ƙare.

Na iske shi yana goge gilashi da tsumma, a hankali, kamar mai shafa kan jika. A kan kujerar gaba an ajiye ƙullin goro a ganye, alamar wuri yana da mai shi. Na ɗauke ƙullin na zauna. Jim kaɗan Hajiya ta iso da kwandonta, ta tsaya tana dubana.

"Masta, ina kwana? Yau kai ma goro za ka sayar?"

"Lafiya lau, Hajiya. Na riga ki zuwa. Akwai wuri a baya."

"Baya ba ya yi mini. Ƙafata."

"Ƙafar da ta kawo ki daga Nima za ta kai ki layi na biyu."

Ta dubi Baba Seidu. Shi kuwa bai ɗago ba, yana ta goge wurin da ya riga ya goge. Ta ce, "Yoo. Allah ya kai mu lafiya," ta shiga ta zauna daidai bayan direba. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na duba agogo, muka tashi a kan minti.

An yi ruwa kafin asuba, titi ya jiƙe, fitilu sun kwanta a kansa dogaye kamar an zuba man ja. A Kawukudi masu koko sun hura wuta, hayaƙin ya tsaya a tsakiyar iska bai hau ba bai sauka ba. Wata babbar bas tana gabanmu, Baba Seidu ya bi jajayen fitilunta, ba ya matsawa, ba ya ja da baya. Da muka kai Tati-Sebin jemagu suna komawa itatuwansu, dubbai, ba ƙara, sama ta yi kamar ana yayyafa mata baƙin ganye. Wasu fasinjoji sun koma barci.

Sai Baba Seidu ya fara magana, murya ƙasa ƙasa, ba da ni ba, ba da kowa ba. Ya ce nan gonar rogo ce ta wani Bagobiri. Can gaba akwai mangwaro uku, a ƙarƙashinsu matan ƙabilar Ga ke sayar da kenke, tuwonsu na masara. Bayan su daji ne har Legon, zomaye na tsallaka titi, Fulani na kora shanu cikin raɓa. Yana faɗa yana nuni da haɓa, ni kuwa inda ya nuna benaye nake gani masu gilashi tun daga ƙasa har sama. Amma muryarsa ta ja ni. Na san wannan dajin. Ta cikinsa aka bi da ni zuwa makaranta ina ɗan shekara tara, a bayan motar katako, da akwatin ƙarfe a kan cinyata. Wani jirgin sama ya sauko ta kanmu da fitilunsa, a hankali kamar ba zai taɓa ƙasa ba, na daina sanin ko a wace shekara nake. Na manta da agogo, abin da ban saba ba.

Wani ɗan sauti ne ya dawo da ni. Ƙwas, ƙwas, a bayana. Hajiya ce ke buga carbinta a ƙarfen kujera, ƙarar inji tana haɗiye shi. Na duba waje, na ga mata biyu suna ɗaga hannu, mun wuce su. Na buɗe baki zan yi magana, sai bas ɗin da muke bi ta karkata ta shiga wata hanya. Nan take Baba Seidu ya rage gudu, ya matso da fuskarsa kusa da gilashi, labarin dajin ya yanke.

Kusa da Shiashie wani mutum yana tura kura cike da doya a gefen titi, ba fitila, tufafinsa baƙaƙe. Na gan shi sarai tun daga nesa. Na ɗauka direba ma ya gan shi, don haka na yi shiru. Motar ta ci gaba da nufarsa kai tsaye.

"Seidu! Birki! Kura a damanka!"

Ya taka. Kwandon goro ya kife, wata mata ta yi salati, motar ta tsaya saura taki ɗaya. Mai kurar ya juyo ya zazzaga mana zagi da yaren Twi, ya tura abinsa ya tafi.

Hajiya ta sunkuyo kusa da kunnena. "Masta, ka gama gwajin? To tashi ka ba ni wurina, mu kai mutanen nan."

Na tashi. A gaban fasinjoji goma sha ɗaya na sauka na koma baya. Daga nan na ga yadda aikin yake. Ta ɗora hannu a gaban mota da carbinta. Bugu ɗaya, a rage gudu. Bugu biyu, akwai fasinja, a tsaya. Abin da carbi ba zai iya faɗa ba sai ta saka shi cikin hira: "Kai, dubi ɗan makarantar nan zai tsallaka ba ya ko duba hanya." A Madina ba ta sauka ba, ta raka mu har Adenta, kamar yadda ashe take yi kullum, sai gari ya waye sosai ta dawo kasuwarta.

Da mutane suka watse na kira Baba Seidu gefe. Na ja da baya taki goma, na ɗaga hannu.

"Baba Seidu, yatsu nawa?"

Ya daɗe yana kallona. "Masta, na san kai ne saboda farar rigarka."

"Tun yaushe?"

"Damina biyu. Kamar hayaƙin koko ne, ba ya washewa. In rana ta fito ina gani daidai gwargwado. Hanyar kuwa a kaina take, ko an ɗaure mini ido zan kai ka."

"Hanyar da ke kanka babu kurar doya a cikinta."

Hajiya, da ta biyo mu, ta ce, "Na yi, na yi ya je asibiti, wai tsoron wuƙa yake. Ƙato da shi! Mijina da shi tare suka fara tuƙi, in bar shi ya faɗa rami?" Na ce mata abin da ta yi alheri ne, kuma ganganci ne, domin rayukan mutanen mota guda ba sa rataya a kan carbi. Ta ce, "Ka ga ai shi ya sa ba na fashi ko ina zazzaɓi."

Na karɓi makulli a wurin. Shi da kansa ya miƙo mini. Na sa wani direbanmu ya mayar da motar Maamobi, mu uku muka koma a matsayin fasinjoji.

A rahotona ban ɓoye kome ba. Na rubuta cewa ƙarar akawu gaskiya ce. Na rubuta cewa ƙararrakin nan uku ciwo ɗaya ne, ba rashin ɗa'a ba, kuma dokarmu ta tanadi hutun jinya ga marar lafiya, ba kora ba. Na rubuta cewa sakatare ya karɓi ƙara biyu a baya ya sa hannu bai tambayi dalili ba, kuma a safiyar Talata shi ne ya jefa motar cikin haɗari. Ciyaman ya karanta ya ce, "Masta, har kanka ka kai ƙara?" Na ce haka abin ya faru. Kwamiti ya bar sunan Baba Seidu a kan allo har a ji ta bakin likita.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu. Bayan an yi masa aiki na raka shi ganin likita, muka bi wannan hanyar da rana tsaka, yana zaune a bakin taga. Tun daga Tati-Sebin yake kallon waje. Sai da muka kai wajen benayen nan ya kama hannuna, ya ce, "Masta, yaushe aka gina duk wannan?"

Abin da na koya shi ne, idan kuka ga an daɗe ana karya wata ƙaramar doka a tasha, kuma mutanen kirki ne ke karya ta, ku tambayi abin da take tallafe da shi kafin ku gyara. Ku gyara, domin wajibi ne, amma ba a kan titi da fasinjoji a ciki ba. Mutanenmu ba sa kai ƙarar raunin juna, rufe shi suke yi, kuma sakataren da ke jiran takarda shi ne na ƙarshe da zai sani.

Idon dama ya buɗe, na hagu bai buɗe ba. Ba a sabunta masa lasisi ba. Ya bar tuƙi a matsayin mai ritaya, ba korarre ba.