Masu Jiran Hantsi

A duk unguwar, Inna Mai Ciyawa ce kaɗai ke yi wa ciyawa ban ruwa, abin da kowa ke tugewa ya yar. Ɗan filin bayan gidanta babu hatsi ko kara ɗaya, sai harkiya da ciyawar giwa, duk saboda ɓerayen masar da mijinta ya rasu ya bar mata.

Marigayin yana da ƙa'ida: ba a yanka sai raɓa ta bushe, don jiƙaƙƙiyar ciyawa kumbura musu ciki take yi. Da hantsi yake dawowa da dami a ka, ya ƙwanƙwasa lauje a jikin ƙofar ɗakinsu, su kuwa su hau tsuwa. Mutum ne mai rowar magana, amma da ɓeraye har hira yake yi.

Bayan rasuwarsa ba su daina ba. Hantsi na yi, sai tsofaffin su ɗaga kai, su fuskanci ƙofa suna tsuwa, alhali Inna na ciki tare da su, kuma babu kowa a waje. Da farko tsigar jikinta tashi take yi. Daga baya har kujera ta kai ɗakin.

Ɗanta ya yi ta fama da ita ta koma gidansa, ya ce tsuwar ɓerayen sabo ne kawai da yunwa.

"Na sani," in ji ta. "Amma a gidan nan su kaɗai ne ba su daina jiransa ba."

Sai dai ɓeran masar ba ya daɗewa a duniya. Waɗanda suka san marigayin suka yi ta raguwa, har ya rage saura wata tsohuwa mai yagaggen kunne. Inna ta riƙa zaɓar mata toho mai laushi tana ba ta a baki, don tsoron rasa ta ya cika mata zuciya.

Wata safiya ta same ta a sandare. Ta binne ta, ta dawo ta zauna. Hantsi ya yi, ya wuce, ƙananan na ta harkarsu, babu wanda ya dubi ƙofa.

Can ta ɗauki lauje ta fita. Tana dawowa suka ji takunta, suka ruɗe da kira, ita suke kira. Ta tsaya a bakin ƙofa da ciyawa a ka, ta kasa shiga.