Aikin da Likita Ya Ce

Babana Bafulatani ne makiyayi, Hausarsa ta kasuwar shanu ce, a Gazawa ya koye ta. Wata rana yana jan guga a bakin rijiya bijimi ya fizge igiya, ya murɗe masa gwiwa. Daga nan sai ta riƙa kullewa. Yana cikin tafiya ta ƙi miƙewa, ya tsaya yana zaginta da Fillanci kamar wata saniya mai taurin kai.

Ni da na yi lakol, wato makarantar boko, ni na kai shi Maradi. Likita ya duba hoton gwiwar ya yi mini bayani da Faransanci: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ne ya yage. Wata yagewar magani da motsa jiki sun ishe ta, amma irin ta Baba, mai kulle ƙafa, ɗinki take so, kuma da wuri. Sai ya juya ga Baba da Hausa ya ce, "Baba, wannan gwiwa sai aiki."

Fuskar Baba ta washe. "Ka ji ko? Aiki! Ku kuna ta ce mani zamna, zamna."

Na san aikin da likita ke nufi na wuƙa ne. Shekara biyu kafin nan an shiga da innata ɗakin aiki, ina riƙe da takalmanta a ƙofa, da su kaɗai na koma gida. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Na karɓi takardar aikin da likita ya rubuta na cusa a aljihu, na ce wa Baba, "E, Baba, haka ya ce."

Damina na faɗuwa ya kora shanu arewa, da sandarsa da fara'arsa. Wata huɗu yana bin su da ƙafa. Bayan girbi aka dawo da shi kwance a kan amalanke, gwiwar ta kumbura kamar tulu.

Na mayar da shi wurin likitan. Ya daɗe yana kallon sabon hoton, sannan ya dube ni ya ce abin da za a ɗinke ya riga ya cinye. Bai tambaye ni ina takardar ba. Da ma ya tambaya.

Yanzu ƙanena ke fita da shanun. Baba yana zama gindin gawo, a zaune yake salla, in garke ya wuce ya kira kowace da sunanta, su waiwayo su wuce. Takardar tana cikin akwatina har yau.

Ranar nan ina shafa masa man shanu a gwiwar, ya dafa kaina ya ce, "Kada ka ga laifin likita, ɗana. Shi ya hwaɗi gaskiya. Ni ne ban yi aikin da yawa ba."

Na ci gaba da shafawa, kaina a ƙasa.